Basarken da ya ji tsoron gulbi: shekara bakwai da rasuwar Yaya Arzika

A watan nan yayana Arzika ya cika shekara bakwai da rasuwa. Na daɗe ina son in yi rubutu a kansa, sai in ɗauki biro in ajiye, saboda a danginmu akwai masu ganin abin da ya same shi ba na faɗa a jarida ba ne. Bana na je na tambayi matarsa, Yaya Kulu, wadda ta fi kowa haƙƙi a maganar. Ta ce da ni, "Rubuta, Auta. Shi da kanai bai ɓoye ba, mu mi za mu ɓoye?"

Mu Sarkawa ne, daga wani ƙauye a bakin gulbi kusa da Illo. A gidanmu yaro kan iya iyo kafin bakinsa ya buɗe sosai. Mahaifinmu masunci ne, kakanmu ma haka. Ni kaɗai aka sa boko, na zama malamar firamare a Bagudo. Yaya Arzika shi ne babba, ya ba ni shekara goma sha ɗaya, kuma shi ya fara sayen jirgi mai inji a zuriyarmu. Ranar kasuwa yakan ɗauki fatake da buhunan shinkafa da kwandunan busasshen kifi ya kai su tsallake, ƙasar Benin, ya dawo da su da yamma da gari da manja da atamfofi. Yana jin Dandanci kamar ɗan can, yana taɓa Fulatanci. Mutum ne mai ƙaton murya da son barkwanci, in yana bakin gulbi daga cikin gari ana jin dariyarsa. Tsofaffin mata kan ƙi shiga jirgin kowa, su zauna jiran nasa.

Abin ya faru a ƙarshen wata damina da gulbi ya cika ya shafe gonaki. Suna dawowa daga kasuwa bayan la'asar, jirgin ya yi nauyi. Daga baya ya gaya mana cewa ya so ya bar wasu buhuna a tsallake, aka yi ta roƙonsa, ya ji kunya ya ɗauka. A tsakiyar ruwa jirgin ya hau kan wani kututturen itace da ambaliya ta binne, katakon ƙasa ya tsage, kafin a ce wani abu ruwa ya cika shi. Yaya ya yi ta nitso yana fito da mutane yana ɗora su a kan jarkoki da guntayen katako, har masunta suka kawo ɗauki. Da yawa sun tsira ta hannunsa. Wasu ba su tsira ba. Cikinsu akwai Ige, matar amininsa Bawa, maƙwabciyarmu da muke katanga ɗaya. Ya kama ta a wuyan hannu, wani da ke nutsewa ya ɗafe masa wuya ta baya, hannunta ya suɓuce. Sai bayan kwana biyu aka ga gawarta can gangare.

Kwanakin zaman makoki kowa yabonsa yake yi. Ya yi ta karɓar gaisuwa, bai yi kuka ba, muka ce namiji ne. Kowa a garin ya firgita a lokacin, mata da yawa sun yi makonni ba su je ɗibar ruwa su kaɗai ba. Amma a hankali mutane suka koma harkokinsu. Shi ne bai koma ba.

Abu na farko da muka lura da shi, ya daina bin hanyar gulbi. In za shi masallacin Juma'a sai ya zagaya ta bayan gari, tafiyar da ta ninka. Ya sa aka juya masa tabarmarsa ta ƙofar gida ta ba ruwa baya. Aka gyara jirgin, ya ce a sayar. Daga nan ya ƙi cin kifi, a gidan da kifi ne cefane. Warin fetur da aka gauraya da baƙin mai yakan tayar masa da zuciya har ya yi amai. Barci ya ƙaurace masa, in ya samu ya runtsa sai mafarkin ruwa, ya farka sharkaf da gumi. Da rana kuwa ko kwano ya faɗi sai ya zabura kamar an harba bindiga. Mutumin da bai taɓa ɗaga wa 'ya'yansa hannu ba ya koma yana daka musu tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Wani lokaci kuma ya zauna shiru tun hantsi har azahar, ana magana da shi yana kallon mutum kamar bai san shi ba. Aka haifa masa jika na fari, aka miƙa masa, ya karɓa ya yi addu'a ya mayar. Ya ce da Yaya Kulu, "Na san ya kamata in ji daɗi, amma ban jin komi."

Bawa kuwa, da suke cin tuwo a akushi ɗaya tun suna yara, Yaya ya daina haɗa ido da shi. In ya ji muryarsa a waje sai ya shige ɗaki.

A wurinmu bayanin a shirye yake: mutanen ruwa ne, wato iskokin gulbi, suka taɓa shi. Aka yi hayaƙi, aka yi rubutun sha, aka ɗauko mai ruƙiyya daga Kaoje, aka kai shi wurin wani tsoho a tsallake da aka ce ya san sirrin gulbi. Ba na raina addu'a, kuma na ga yadda karatun Alƙur'ani ke kwantar masa da hankali na ɗan lokaci. Amma ciwon yana nan. A bayan ido kuma ana ta magana, wai Basarke guda yana tsoron ruwa. Wannan maganar ta fi komai cin ransa, domin ta taɓa sunan gidanmu. Ya fara aika a sayo masa ƙwayar barci a kemis, yana ƙara yawanta da kansa.

A nan ne nake da laifin da har yau nake neman gafarar Allah a kansa. Ni da na yi boko, ni ya kamata in ce a je asibiti. Maimakon haka, wani hutu da na zo gida na same shi zaune, na tsaya a kansa na yi masa wa'azi. Na ce masa wanda kwanansa ya ƙare ba mai tsare shi, na ce ina tawakkalinsa, na ce sauran da suka shiga hatsarin ai ga su nan suna noma. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Auta, duk abin da kika hwaɗi na sani. Zuciyata ta yarda. Jikina ne bai yarda ba." Na fita ina ganin taurin kai ne. Shekara biyu da rabi muka yi a haka.

Abin da ya sauya lamarin ya faru wata safiya da rani, a fadama. Yaya Kulu ta lallashe shi ya raka ta gonar shinkafarsu da ke nesa da bakin ruwa, ko ya sha iska. Suna tsaye sai mai gonar kusa ya ja igiyar injin ban-ruwa. Ƙarar injin ta tashi, ruwa ya fara bulbulowa daga tiyo. Yaya ya faɗi a gwiwa, ya cafki wuyan hannun matarsa da hannu biyu yana ja, yana ihu, "Riƙe ni, Ige! Kar ki sake!" Sai da maza uku suka ɓamɓare shi. Da ya dawo hayyacinsa ya ga hannun Yaya Kulu ya goce ya kumbura, ya zauna cikin taɓo ya rufe fuska.

A ranar gidanmu ya rabu biyu. 'Yan'uwan Yaya Kulu suka zo suka ce za su tafi da ita kafin ya kashe ta. Baffanninmu kuma suka ce lokaci ya yi da za a kai shi wurin wani malami da ke ɗaure masu taɓin hankali da mari. Aka tsayar da magana sai jibi. Ni dai aka ba ni Yaya Kulu in kai ta asibiti a Bagudo a duba hannun.

Ma'aikacin jinyar da ya karɓe mu, Malam Umaru, dattijo ne mai magana a hankali. Ya duba shatin yatsu a hannunta, ya dube ta, ya ce, "Hajiya, ki gaya mini gaskiya, dukanki aka yi?" Ta ce, "A'a, likita. Ceto na shika yi." Ya ajiye bandejin ya ce ta ba shi labari. Ta faɗa masa tun daga hatsarin. Sai ya shiga jero mata tambayoyi. Yana mafarkin abin? Yana gudun wurin da ya faru? Yana zabura? Yana ganin laifin kansa? Ya daina jin daɗin abin da yake so a da? Kowace ta ce awo, haka ne. Can ta tsaya ta ce, "Likita, ka san shi ne?" Ya yi murmushi ya ce, "Ban san shi ba. Ciwon na sani."

Ashe ya yi shekaru yana aiki a sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa kafin a dawo da shi gida. Ya yi mana bayanin da ban taɓa mantawa ba. Ya ce ciwon firgici ne da kan biyo bayan masifa. Idan mutum ya ga mutuwa ido da ido, ko ta zo masa ko ta ɗauki wani a gabansa, jiki yakan tashi tsaye don ya tsira. Ga yawancin mutane, bayan 'yan makonni jikin yakan gane an wuce wurin, ya kwanta. Ga wasu kuwa ba ya ganewa. Sai wata ƙara ko wani wari ya mayar da su cikin abin, su gan shi su ji shi kamar yanzu yake faruwa. Ya ce hatsari na kawo shi, harin 'yan bindiga na kawo shi, da fyaɗe, da gobara, har haihuwar da mace ta sha da ƙyar. Ya ce yakan fi kama wanda ya ɗora wa kansa laifi, da wanda ya haɗiye bai samu wanda zai gaya wa ba. Na tambaye shi ko raunin imani na ciki. Ya ce ya yi jinyar liman, ya yi jinyar soja. Na sunkuyar da kai.

Da muka koma gida Yaya Kulu ta yi abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta shiga zauren da maza ke zaune, hannunta rataye a wuya, ta durƙusa ta ce ba inda za ta, kuma ba mai sa wa mijinta mari tana raye. Ta ce a ba ta wata uku. Baffa babba ya ce an ba ta.

Shawo kan Yaya ya fi wuya. Ya ce shi ba mahaukaci ba ne. Na ce masa Malam Umaru ma haka ya ce. Na kuma ce masa, "Yaya, ka yafe mini maganar da na yi maka." Ya dube ni ya ce, "To, mu tahi."

Malam Umaru ya tura mu Birnin Kebbi wurin likitan ƙwaƙwalwa. Likitan ya zauna da shi fiye da awa guda, ya tabbatar da ciwon. Ya ce a janye ƙwayar kemis a hankali, ya rubuta wani magani na sha kullum, ya gargaɗe mu cewa sai an yi makonni kafin a ga aikinsa, kada a yanke shi don an ga sauƙi. Amma ya ce babban maganin shi ne zama da magana. Ya kuma ce a ci gaba da addu'a, ba ta hana magani, magani bai hana ta. Wannan kalma ita ta sa baffanninmu suka saki jiki.

Daga nan duk mako Yaya kan zo Bagudo ya sauka a wurina, ya je wurin Malam Umaru. Da fari an koya masa yadda zai ja numfashi a hankali in abin ya taso, ya taka ƙasa da ƙarfi, ya ambaci abubuwan da idonsa ke gani a ɗakin, don jikinsa ya san inda yake. Sannan aka sa shi ya ba da labarin ranar daga farko har ƙarshe, ba sau ɗaya ba, ba sau biyar ba. Makonnin farko yakan dawo a jigace, ya ƙi abinci. Sau biyu ya ce ya fasa. Wata rana ya dawo ya zauna a kan dakalina ya ce, "Auta, yau ya tambaye ni mutum nawa na hidda. Wallahi ban taɓa ƙirgawa ba. Wadda ta suɓuce kaɗai nika ƙirgawa." Ranar na ga hawayensa, karo na farko tun hatsarin.

Sai kuma aka zo kan gulbi. Malam Umaru ya ce kada a ja shi, kada a yi masa ba-zata, shi zai zaɓi inda zai tsaya. Ranar farko shi da Yaya Kulu suka tsaya a gindin tsamiyar da ake hango ruwa daga nesa, har bugun zuciyarsa ya lafa, suka dawo. Suka yi ta zuwa nan har wurin ya daina tayar masa da hankali. Sannan suka matsa zuwa inda ake shanya taru. Sannan inda mata ke wanki. Ya koyi zama kusa da injin ban-ruwa yana aiki. Wata ukun da Baffa ya bayar ya wuce ba wanda ya tuna da shi. Wajen wata na bakwai ya sa ƙafa a ruwa ya yi alwala.

Abu ɗaya ya rage, kuma shi ne ya fi tsoro. Wata Juma'a bayan an sauko, ya bi Bawa har ƙofar gidansa. Ina gida a ranar, muna leƙe ta katanga ni da Yaya Kulu. Yaya ya tsuguna ya ce, "Bawa, ta suɓuce mini. Na riƙe ta, wallahi na riƙe ta." Bawa ya kama kafaɗunsa ya tashe shi, ya ce, "Na sani, Arzika. Waɗanda ka hidda sun gaya mini tun ranar. Ni ban taɓa riƙe ka a zuciya ba. Abin da ya yi mini zafi, na rasa mata, kai kuma ka guje ni, na rasa aboki." Suka zauna a kan tabarma ɗaya har la'asar. Da dare aka kai musu tuwo a akushi ɗaya.

Ba zan ce ya koma yadda yake a da ba. Bai sake ɗaukar fasinja ba har ya bar duniya. Duk ƙarshen damina in gulbi ya cika yakan yi 'yan kwanaki ba walwala, mafarkin ya leƙo, ya koma wurin Malam Umaru su zauna. Amma ya sayi ƙaramin kwalekwale ya koma kamun kifi. Ya ci kifi. Likita ya janye masa maganin bayan an ga ya daidaita. Dariyarsa ta dawo, ko da ba ta kai ta da ƙarfi ba. Ya yi shekara tara a haka, ya aurar da 'ya'ya, ya goya jikoki a kafaɗa. Hawan jini ne ya kwantar da shi, kwana huɗu, ya cika a ɗakinsa da hantsi, Yaya Kulu da Bawa suna gefensa. Duk lokacin da na tuna cewa saura kwana biyu a sa masa mari, sai in yi hamdala. Da an kai shi, ban san wane irin rubutu zan yi yau ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Na san zai ji daɗin ganin rigar ruwa mai hana nutsewa ta fara shiga jiragenmu, ko da wasu sun mai da ita matashin zama. Zai yi faɗa da matuƙan da har yanzu ke jin kunyar cewa jirgi ya cika. Zai ɓata rai da yadda ake ɗaukar hoton gawa a waya ana yaɗawa, ba a tunanin wanda ya tsira zai gani. Abin da zai fi damunsa kuwa shi ne baƙin da rashin tsaro ya koro mana daga ƙauyuka da rugage. A ajina akwai yaran da in an buga ƙofa da ƙarfi sai su shige ƙarƙashin benci. Ana ba iyayensu buhun masara da tabarma, Allah Ya saka, amma ba mai tambayarsu ko suna barci. Masu irin ilimin Malam Umaru kuma har yau ba su da yawa a yankinmu, shi ma ya yi ritaya.

Da yana nan da ya je ya zauna da su, domin abin da ya riƙa yi ke nan a shekarunsa na ƙarshe. In ya ji an yi hatsari ko an kai hari, ba ya zuwa ranar da ake cika. Sai an watse, bayan wata guda ko biyu, ya je ya sami wanda ya tsira, ya zauna, ya fara ba shi labarin kansa. Ba ya yi wa kowa wa'azi. In ya ga alamar ciwon sai ya ce, "Ni ma na yi shi. Akwai magani. In kana so in raka ka."

Bai bar gona mai yawa ba, bai bar gidan siminti ba. Abin da ya bari shi ne a ƙauyenmu yanzu in mutum ya fita daga masifa ya kasa komawa daidai, kafin a ce mutanen ruwa sai wani ya ce, "Ko dai ciwon Arzika ne? A kai shi a duba." Sunan ya zauna, kuma iyalinsa ba sa jin kunyarsa.

Ni ma na ɗauki ɗan abin da zan iya. Watannin baya wata abokiyar aikina ta gaya mini cewa tun da aka karɓo mahaifinta daga hannun masu garkuwa da mutane ba ya barci, kullum yana zaune yana fuskantar ƙofa. Na ba ta labarin Yaya, na gaya mata inda za su je. Suka je. Makon jiya ta tare ni a bakin ofishin hedimasta, fuskarta cike da fara'a, ta ce, "Malama, jiya Baba ya makara sallar asuba. Sai da rana ta fito muka tashe shi. Ya tashi yana ta faɗa don mi ba a tashe shi ba, mu kuwa muna ta murna."

Allah Ya jiƙan Yaya Arzika, Ya jiƙan Ige da waɗanda suka tafi tare da ita, Ya ba Yaya Kulu ladan tsayuwar da ta yi.